Kayan Tsallake

Duk mai zuwa lambun tafki da safe yana da abin da zai ce a kan Salmiah.

Tsofaffin Sinawan da ke motsa jiki a gindin itatuwan bakin teku cewa suke ba su taɓa rigan ta isowa ba. Masu shara suna cewa in ta yi maka kallo ɗaya, sai ka koma ka sake share inda ka riga ka share. Matan da ke tsalle-tsalle da kiɗa da ƙarfe bakwai kuwa, sai sun gama sun zauna a bencin da ke kusa da rumfar hayar jiragen ruwa, suna fifita da bakin mayafi, sannan suke buɗe nasu zancen.

"Shekara talatin da huɗu fa, har yanzu tana kiwon agwagin roba."

"Haba ke kuwa. Yarinyar da ta bar makaranta tana da sha bakwai ta riƙe uwa da ƙanwa..."

"To don ta riƙe gida sai ta tsaya a bakin ƙofa ta hana kowa fita? An ce jiya ta sake mayar da tiren."

"Na biyu ke nan?"

"Na biyu. Ko yaye lulluɓinsa ba ta yi ba."

"Allah sarki ƙanwar. Ita kam ko ɗaga murya ba ta iya ba."

Hazlina, ƙanwar da ake magana a kai, tana tsugune a bayan jirgi mai lamba shida tana goge gansakuka. Ta ji komai. Ta ci gaba da goge wuri ɗaya har ya yi fari, hawaye na ɗiga a kan soson.

"Lina," muryar Salmiah ta taso daga rumfa, "lamba shida ta zama gadon kwanciya ne? Ga mutane suna jira."

"Ga ni nan, Kak Long."

Haka muke kiran babbar ya, kuma Lina ba ta taɓa kiran ta da sunanta ba.

Jirage goma sha biyu ubansu ya bar musu, masu siffar agwagwa, ana tuƙa su da ƙafa kamar keke. Da su suke ci a wannan unguwa ta gefen birnin Kuantan, da su ake sayen maganin mahaifiyarsu, wadda suke kira Mak, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita. Salmiah ce a rumfa, Lina ce a bakin ruwa.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo Kamarul aikin tafkin. Shi ne mai kwashe kainuwa da ciyawar ruwa a faffaɗan kwalekwale, da dogon manjagara. Kullum ƙarfe goma sai ya ɗaure kwalekwalensa ya zo rumfa ya zauna. Da Salmiah yake hira. Ita ke zuba masa shayi, ita ke ajiye masa soyayyiyar ayaba guda uku a takarda. Lina kuwa ko kallon ido da ido ba ya iya yi mata, sai dai ya gyara mata igiyar jirgi ya wuce, ko ta tarar da furen bado ɗaya a kujerar jirgin da za ta wanke.

Wata bakwai ana haka.

Duk lambun ya ɗauka Salmiah yake nema. Matan benci suna hango shi sai su ce, "Kak Long, ɗora ruwan shayi, ga angonki nan." Ita kuma sai ta harare su, amma ta fara sa mayafi mai launi.

Ranar da danginsa suka aiko cewa za su zo tambaya, Salmiah ta tashi jirage tun azahar. Ta yi girki kala huɗu. Ta saka rigarta ta Sallah, ta zauna a bayan labule tana murza yatsu.

Baƙi suka ci, suka sha, sannan babbarsu ta gyara murya.

"Mun zo ne a kan ƙaramar, Hazlina. Ko an riga an yi mata miji?"

Babu wanda ya ji motsi a bayan labule. Sai da aka jima Salmiah ta fito ta kwashe kofuna, fuskarta a daidai, ta tambayi baƙi ko a ƙara musu shayi.

Mak ba ta ƙi ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa, da bakinta da ya karkace.

"Babansu ya bar min wasiyya. Ba za a tsallake babba ba sai ta karɓi kayan tsallake da hannunta."

A wurinmu in ƙanwa za ta riga yayarta aure, ango yakan kawo wa yayar tire na musamman: yadi, takalmi, jaka, wani lokaci da zobe. Neman izini ne, da wanke mata fuska a gaban mutane. Yawanci abin minti biyar ne, a miƙa, a karɓa, a yi dariya.

Tiren farko mahaifiyar Kamarul ce ta haɗa shi, Hajiya Som, don maza ba sa shiga wannan. Da aka yaye lulluɓi a tsakiyar falo, sai ga yadi ruwan toka irin na tsofaffi, da takalmin roba maras tudu, da carbi, da man zafi na ciwon gwiwa.

"Na ga shi ne zai fi yi miki amfani, 'yata," in ji Hajiya Som, tana murmushi.

Salmiah ta mayar da lulluɓin a hankali.

"Na gode. Ban kai nan ba tukuna."

Tire na biyu Kamarul ne ya zaɓi kayan da kansa, siliki shuɗi da takalmi mai kyau. Amma kafin ranar kawowa Hajiya Som ta biyo ta rumfa da wata kyakkyawar yarinya mai suna Farhana, 'yar ƙawarta, ma'aikaciyar jinya. Lina tana ɗaure jirgi a ƙasa, ta ji abin da aka faɗa.

"Ni dai tausayinki nake ji, Salmiah. Kin yi wa yaro shayi wata bakwai, gari ya shaida, yanzu a zo a toshe miki baki da yadi huɗu? In ni ce ke, wallahi sai na riƙe mutuncina."

Washegari tiren ya koma yadda ya zo.

Da ƙarfe goma ta yi, a ranar da matan benci suka yi wannan zancen, Lina ta ce za ta gwada fedar lamba tara. Ta tuƙa ta wuce gadar katako, ta wuce tsibirin da guza ke shan rana, har ƙarshen tafki inda bado ya rufe ruwa. Kamarul yana tsaye a kwalekwalensa, rigarsa ta jiƙe da gumi.

"Idonki ya kumbura," ya ce.

"Sabulu ne."

"Sabulun nan kullum idonki yake nema."

Ta yi ɗan murmushi, sai kuma kukan ya ƙwace mata.

Ya ajiye manjagara ya tsuguna, ya riƙe wuyan agwagwar don kada ruwa ya raba su.

"Lina, masoyiyata, saurare ni. Na je wajen liman. Ya ce wannan al'ada ce kawai, aure ba ya buƙatar ta. Kawunki shi ne waliyyi, ya ce shi a shirye yake."

"Mak fa?"

"Za ta huce."

"Ba za ta huce ba, Abang," ta ce, da sunan da mace ke kiran yayanta ko masoyinta a wurinmu. "Rabin jikinta ya mutu, da wasiyyar nan take riƙe da ɗaya rabin. Kana so in taka ta?"

"To ni fa? Ni wa zai riƙe ni?"

Ta share idonta da bayan hannu.

"Mahaifiyata ta ce sau uku ne iyaka," ya ce a hankali. "In tire ya dawo karo na uku, ta rantse ba za ta sake taka gidanku ba, kuma ba da yawunta zan aure ki ba."

"Ita ce fa take zuga Kak Long. Da kunnena na ji."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Uwata ce, Lina. Me kike so in ce mata, ke maƙaryaciya ce?"

Iskar teku ta kaɗa ganyen badon. Can nesa yara suna ihu a kan lilo.

"Wannan karon ni zan kai da kaina," ya ce. "Ba zan aiki kowa ba. Kak Long tana da kirki, ni shaida ne."

"Kada ka ce mata haka."

"Don me?"

Lina ta dube shi. Har yau bai gane abin da ya yi ba. Shi a ganinsa ladabi ya yi, ya bi ta hannun babba kafin ya nemi ƙarama.

"Ka dai yi a hankali, Abang," kawai ta ce.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kamarul ya zo rumfa da tiren a hannu, cikin fararen kaya. Hadari ya haɗu ta wajen teku, lambun babu mutane sosai. Lina ta tsaya a bakin matakala.

"Kak Long," ya ce, ya ɗan sunkuya, "na zo neman izini. Ki yi mana alfarma."

Salmiah tana jera rigunan kariya na ruwa. Ba ta juyo ba.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Kamarul."

"Ina ji."

"Wata bakwai kana zama a kujerar nan. Me ya sa?"

"Saboda Lina."

"Ko sau ɗaya ba ka taɓa zuwa don ni ba? Ko hirar?"

Lina ta runtse ido tana roƙon Allah ya yi ƙarya, ko 'yar ƙarama.

"Ni a matsayin yaya na ɗauke ki tun ranar farko," ya ce. "Kina tuna min da babbar yayarmu da ta rasu. Ita ma haka take da faɗa, ga kuma kula da mutum."

Salmiah ta juyo. Ta dubi tiren, ta dube shi.

"Shekara nawa na ba ka?"

"Biyu... ko uku."

"Ɗaya," ta ce. "Shekara ɗaya da wata biyu."

Ta sa yatsa biyu ta tura tiren zuwa gefensa na kanta.

"Ɗauki kayanka, ruwa zai sauko."

"Kak Long..." Lina ta hauro da gudu ta durƙusa ta kama ƙafarta. "Don Allah, Kak Long. Ko taɓa shi kawai ki yi. Ba sai kin saka ba, ki jefa a tafki in kin so. Ki taɓa kawai..."

"Tashi, mutane suna kallo."

"Me na yi miki?"

"Na ce ki tashi."

"Ban ƙwace miki shi ba. Wallahi ban san kina..."

"Ina me?" Salmiah ta tambaya, muryarta a ƙasa. "Ƙarasa mana. Ina me?"

Lina ta saki ƙafarta.

Aka tsuge da ruwa. Kamarul ya tsaya har lulluɓin tiren ya jiƙe ya manne wa kayan, sannan ya ɗauka ya tafi.

Damina ta shigo da ƙarfinta. Aka kafa jar tuta a bakin teku, aka janye jirage aka kife su a kan ciyawa. Wata biyu 'yan'uwan suna gida ɗaya, suna juya Mak a kan gado tare, ɗaya ta kama kafaɗa ɗaya ta kama ƙugu, ba sa ce wa juna komai sai "ɗaga" da "sauke".

Mak takan bi su da ido.

"Salmiah," ta ce wata rana, "babanku don ya kare ki ya faɗi maganar nan, ba don..."

"Ruwan wankanki zai huce, Mak."

Kamarul ya yi ta faɗa da mahaifiyarsa har ya bar gidan ya koma ɗakin abokinsa. Sai hawan jininta ya tashi aka kwantar da ita a asibiti. Farhana ce ta yi jinyarta, dare da rana, har da ba ta abinci a baki. Danginsa suka taru a kansa. Kawunsa ya ce masa in uwar ta mutu da ɓacin ransa, kada ya zo jana'iza.

Da ruwa ya ɗauke aka buɗe lambu, ya aiko wa Lina cewa ta same shi a gadar katako.

Ya rame. Ya aske gemunsa.

"An sa wa Farhana zobe shekaranjiya," ya ce, idonsa a kan ruwa.

"Na ji."

"Wa ya gaya miki?"

"Benci."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi kama da dariya ba.

"Lina, in kin ce mu tafi, yau ɗin nan sai mu tafi. Mu haye iyaka a ɗaura mana a can, mutane suna yi. Motar abokina tana bakin ƙofa."

"Ka bar taka uwar a kwance, in bar tawa a kwance?"

"Ki ce e kawai, masoyiyata."

"Wa zai kama ƙugun Mak in za a juya ta?"

Ya dafe katakon gadar da hannu biyu, hawaye suna zuba. Ba ta taɓa ganin namiji yana kuka da rana tsaka ba. Wata mata mai tura keken jariri ta rage tafiya tana kallon su, sannan ta wuce.

"Na nemi a canza min wurin aiki," ya ce. "Ba zan iya ganin agwagin nan kullum ba."

"Ka kyauta."

"Ba za ki ce min komai ba?"

"Ka riƙa sa hula, Abang. Rana tana sa maka ciwon kai."

Ta juya ta tafi, ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya za ta shiga motar.

Daga ranar Salmiah ta canza. Ta karɓe wankin jirage ta bar wa Lina inuwar rumfa. Ta riƙa dafa miyar kifi mai tsami da Lina ke so, ta zuba mata tsoka ta ɗauki kai. Ta sayo mata sabon mayafi ta ajiye a kan matashinta. Lina takan ci kaɗan, ta ce na gode, ta ninke mayafin ta sa a akwati. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi gaba ba. Ta dai daina dariya, ta kuma yi ta ramewa har awarwaronta ya fara zamewa.

Wata Asabar da la'asar, motoci uku masu ado da furanni suka tsaya a ƙofar lambu. Ba baƙon abu ba ne, angwaye da amare sukan zo ɗaukar hoto a bakin tafki bayan an tashi daga walima. Sai da suka matso Lina ta gane tafiyar angon.

Yana cikin kaya ruwan zuma masu zaren zinariya. Farhana tana riƙe da hannunsa. Hajiya Som tana biye, garau da ita, tana ba mai hoto umarni.

"A jirgi nake so a ɗauke su. Farar agwagwa, waccan."

"A bar jirgin," in ji Kamarul. "Gada ta isa."

"Ni ina so, Abang," in ji amarya.

Salmiah ta fito daga rumfa ta tare hanya.

"Mun tashi."

"Ƙarfe biyar?" Hajiya Som ta ɗaga gira. "Kai, Salmiah, har yanzu kina nan da halinki."

"Na ce mun..."

"Bari, Kak Long."

Lina ce. Ta sauka matakala ta jawo farar agwagwar, ta goge kujerun da gefen rigarta. Ta riƙe jirgin da kyau har amarya ta shiga, ta tattare mata bakin riga don kada ya taɓa ruwa. Da Kamarul zai shiga jirgin ya yi tangal-tangal, ya kai hannu zai dafa kafaɗarta, sai ya janye ya dafa wuyan agwagwar.

"Ku taka feda tare," ta ce, kamar yadda take gaya wa kowa. "In ɗaya ya fi ɗaya sauri za ku yi ta zagaye wuri ɗaya. Allah ya ba da zaman lafiya."

Ta tura su.

Ta tsaya har aka gama hoto, ta karɓi jirgi ta ɗaure. Motoci suka tafi. Sannan ta zauna a matakalar ƙarshe, ƙafafunta cikin ruwa, ta kifa kai a gwiwa. Ko kuka ba ta yi.

Salmiah ta sauko ta zauna a matakalar da ke sama da tata.

"Na je gidansu," ta ce.

Lina ba ta ɗago ba.

"Ƙarshen damina. Na hau bas biyu. Na je in ce a kawo tiren, ko wanne ne, ko mai man zafin. Na tarar da takalma a ƙofa, ana guɗa a ciki... Ranar sa zobe ce. Na tsaya a gindin mangwaronsu har aka watse, na dawo."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Me zan ce? Na makara da kwana ɗaya?"

Masu gudun yamma suna wucewa ta bayansu. Mai sayar da ruwan kwakwa yana rufe kekensa.

"Na san uwarsa wasa take da ni, tun tiren farko na gane. Amma duk lokacin da na kai hannu zan karɓa, sai in ji dariyar matan can. Sai in tuna rigar Sallar da na saka. Ba ma shi nake so ba daga baya, Lina. So nake wani ma ya ji irin abin da na ji a bayan labule... kuma ke ce kusa."

"Ni ce kusa," Lina ta maimaita.

"Ni na goye ki. Ni na kai ki makaranta ranar farko."

"Na sani, Kak Long."

Salmiah ta zamo daga matakalarta ta shiga ruwan har gwiwa, da takalminta da komai, ta tsaya a gaban ƙanwarta. Ta kamo hannayen Lina biyu, ta sunkuya ta ɗora goshinta a kansu, yadda ƙarami ke yi wa babba.

Lina ta yi ƙoƙarin janyewa.

"Kak Long, mutane suna kallo."

"Su kalla."

Muryarta ta fito da ƙarfi, a karye, har matar da ke zaune a benci ta juyo.

"Na cuce ki, Hazlina. Da sanina na yi, kuma ba ni da abin da zan mayar miki. Ki yafe min."